Koke ga Mai Martaba Sarkin Daura Kan Ɓacewar Kanari a Fadamunmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar,
ta hannun Hakiminmu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne manoman rani da makiyaya na ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Sabke. Kukan da muka kawo fada a kan ɗan tsuntsu ne, kanari, ko da wani zai ji ya yi dariya.

Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun shaida cewa ko a waɗancan shekarun, da an kai gero rumbu hunturu ya kankama, kanari na sauka gungu-gungu a fadama. Su wuni suna tsintar 'ya'yan harkiya da komayya, da la'asar su haye gawo, tunda shi ne mai ganye a rani, kuka ya cika wuri. Yanzu mutum sai ya yi mako yana ban ruwa bai ji ko ɗaya ba. Yaranmu a keji suka san shi.

Ranka ya daɗe, muryarsa ce ta jawo masa. Masu kamu kan zo da wanda ya iya kuka a keji su rataye a reshe, su shafe rassan kusa da danƙo ko su shimfiɗa raga. 'Yan uwansa su ji kira su sauko, a kwashe. Sai a cusa su kwando guda cikin ƙura da ƙishirwa, da yawa ba sa kai ranar kasuwa. In mun yi magana a ce ai tsuntsu ɓarna yake yi. Mai ɓarnar wani tsuntsu ne daban, jan-baki, kuma mu da muke kwana kaɗa gwangwani a gona mun fi kowa saninsa. Kanari bai taɓa hana mu cika rumbu ba.

Ba mu wanke kanmu ba. Maganin ciyawa da muke fesawa ya cinye abincinsa, kuma gatarin da ke sare gawo don itace daga cikinmu yake fitowa.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni a yi shela: babu kamu da raga ko danƙo daga kaka har saukar damina, kuma kada a sare gawo mai rai a bakin fadama. A sa sarakunan kasuwa su lura da masu shigowa da kwanduna. Tunda hanyar Kongolam, garin kan iyakar Nijar, ba ta da nisa da mu, muna so maganar ta kai Mai'aduwa da Zango, kada a hana nan a koma can. Mu kuma mun ɗauki alkawarin barin gefen kowace gona ba feshi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Talakawanka,
manoman rani da makiyayan yankin Sabke.