Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Nazarin Rumbun Bayanai da Lalubo Bayanai

Assalamu alaikum malamai, ɗalibai da sauran 'yan'uwa mambobi. Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar da muke ban kwana da ita.

Zaman karatu na ƙarshen mako shi ne ya fi kowane aiki ɗorewa. Mun faro daga tushe, wato takardar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970, inda ya nuna cewa ana iya jera bayanai cikin jadawali a kuma haɗa jadawalin da juna ta hanyar lissafi. A kan wannan tunani aka gina SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, da rumbuna irin su PostgreSQL, wanda asalinsa aikin Michael Stonebraker ne a Jami'ar California da ke Berkeley. Daga nan muka koma ɓangaren lalubo bayanai, muka karanta aikin Karen Spärck Jones na 1972, wadda ta ce kalmar da ba ta cika fitowa a cikin takardu ba ta fi nauyi wajen gane takardar da ake nema, sannan ma'aunin BM25, wato lissafin jera takardu bisa dacewarsu da abin da aka nema, da Stephen Robertson da abokan aikinsa suka samar a Landan. Wasu matasanmu sun so a tsallake waɗannan a faɗa kai tsaye cikin sababbin hanyoyin da ke mayar da jimla ta zama jerin lambobi don a nemo ma'ana maimakon kalma. Mun karanta su daga baya, kuma suna da amfani ƙwarai, amma har yau masu bincike a duniya da BM25 suke gwada sabon aikinsu kafin su ce ya fi.

Inda muka fi daɗewa, kuma nake ganin nan ne ainihin gudummawar da za mu iya bayarwa, shi ne matsalar binciken rubutun Hausa. Mai nema ya rubuta "kafa", shin yana nufin kafa ƙungiya ne ko ƙafar mutum da allon wayarsa ya kasa lanƙwasa mata harafi? A Najeriya muna rubuta 'ya'ya, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴaƴa, kuma a wurin na'ura waɗannan kalmomi biyu ne daban. Ita kanta alamar da ke gaban y ɗin wani lokaci miƙaƙƙiya ce, wani lokaci karkatacciya, kowace da lambarta a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta. Ga kuma "gari", da ke iya zama birni ko garin tuwo, tunda ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutun yau da kullum. Sai jam'i: dabarar yanke ƙarshen kalma da Martin Porter ya fitar don Turanci a 1980 ba za ta haɗa littafi da littattafai ba, balle mace da mata. Kwamitin da muka ɗora wa wannan aiki ya rubuta ƙa'idojin daidaita haruffa kafin a shigar da rubutu cikin fihirisa, wato jerin kalmomin da ake dubawa yayin bincike, ya kuma fara tara jerin tilo da jam'i. Shawarar kwamitin, wadda nake goyon baya, ita ce a ajiye kalma yadda aka rubuta ta, a kuma ajiye siffarta marar lanƙwasa a gefe, kada a goge ɗaya saboda ɗaya.

Abin da ya rage mana babba wajen gane ingancin hanyar bincike shi ne ma'auni. Tun gwaje-gwajen Cranfield da Cyril Cleverdon ya jagoranta a Ingila, zuwa taron TREC da aka fara a Amurka a 1992, hanya ɗaya ce: a tara takardu, a rubuta tambayoyi, mutane su zauna su tantance wace takarda ce ta amsa wace tambaya. An yi irin wannan a gasar CIRAL ta 2023, wadda ta haɗa Hausa da Yarbanci da Sawahili da Somaliyanci, amma a can tambayoyin da Turanci suke. Mu muna son tambayar Hausa a kan takardar Hausa, irin wadda manomi ko ɗalibar ungozoma za su yi da bakinsu. Mun fara rubuta tambayoyin, tantancewar ce ba ta yi nisa ba, domin aiki ne mai cin lokaci kuma masu sa kai sun yi kaɗan.

Bitar koyar da PostgreSQL ga sababbin ɗalibai ta gudana, ko da yake rashin wuta ya sa an ɗage ta sau da dama. Mun kuma yi zama guda kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, saboda wasu mambobi na aiki da bayanan marasa lafiya da na ɗalibai. Maganar rubuce-rubucen Ajami da ke ajiye a wurare irin su Arewa House a Kaduna kuwa ba ta wuce tattaunawa ba, don sai an fara samun hanyar da na'ura za ta karanta rubutun hannu kafin a yi zancen bincike a cikinsa.

Ma'aji zai gabatar da bayanin kuɗi daban a babban taro. Duk wanda zai iya ba da awa biyu a mako don aikin tantancewa, musamman masu jin karin harshen Sakkwato, Katsina ko Damagaram, ya ba da sunansa ga kwamitin kafin ranar taron.

Sakataren ƙungiya