Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mana Da Gida A Nima

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan gidan bene mai sassa huɗu da kamfaninku ya sayar mana a unguwar Nima da ke Accra a farkon 2023. Kun tallata shi a Facebook da WhatsApp cewa an sabunta shi daga tushe har rufi, takardunsa a kammale suke, kuma babu ɗan hayar da yake bin gidan ko sisi. Babu ko ɗaya a cikin ukun nan da ya tabbata. Na bi ku ta hanyar mutunci: na zo ofis, na yi waya, na rubuta takarda, na turo dattawan layinmu har da limamin masallacinmu. Kullum amsar ɗaya ce, Alhaji ya yi tafiya, a dawo wani makon. Shi ya sa na fito da maganar fili. Ban kama sunan kamfaninku ba, don gyara nake nema. Amma kun san kanku, mutanen unguwa ma sun san ku.

Kuɗin da aka sayi gidan nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai gadon mahaifinmu a ciki, akwai gumin ƙanena da yake tuƙa tasi dare da rana a Bronx ta birnin New York, akwai na yayarmu da take aikin kula da tsofaffi a Jamus. Ni suka wakilta saboda ni ne a gida. Kun yanka farashi da dala, alhali Babban Bankin Ghana ya sha nanata cewa haramun ne a sa wa kaya ko gida farashi da kuɗin waje ba tare da izininsa ba. Mun fara biya a 2022, shekarar da dala ta tashi daga kusan sidi 6 ta haura 14 kafin ƙarshen Nuwamba. Duk lokacin da muka kawo wani kaso, sai akawunku ya duba canjin ranar ya ƙara mana. Muka haɗiye, muka biya har ƙarshe, ba mu rage muku kwabo ba.

Kun san abin da ya sa muka nace sai Nima. A nan aka yanke mana cibiya. Tun 1931 da Malam Amadu Futa ya karɓi filin nan daga hannun dangin Odoi Kwao, kakanninmu Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli suka mayar da daji gari. Yau kowa ya farga cewa Nima da Maamobi suna tsakiyar Accra, ga Kanda, ga Roman Ridge, ga filin jirgi a kusa. Tun da aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa a Kanda a 2021, idon masu kuɗi ya ƙara dawowa kanmu. Ana saye tsofaffin gidajen tsakar gida masu ɗakuna a jere, a rushe ko a ɗora musu bene, 'yan hayar da suka yi shekara talatin a ciki su kwashi kayansu sai Ashaiman ko Kasoa ko Amasaman, su riƙa fitowa tun kafin asuba suna bin layin tirotiro, wato ƙananan motocin haya, don zuwa kasuwar da a da suke zuwa da ƙafa. Ba na adawa da gini mai kyau, unguwarmu ta cancanci gida mai banɗaki da iska. Burinmu shi ne ko gida ɗaya ne ya tsaya a hannun 'yan unguwa. Dillalinku ya san haka, da wannan maganar ma ya sayar mana.

Kun nuna mana gidan lokacin hunturu, bango a bushe, fenti yana ƙyalli, silin na POP da fitilu a jere, tayil har bakin ƙofa. Da ruwan Mayu da Yuni ya sauka sai gaskiya ta fito. Bangon sassan ƙasa ya fara tsotsar danshi daga tushe har ya kai gwiwar mutum, fenti ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri yana fitowa a jikin filasta. Na kawo magini da ya san aikinsa, ya fasa wuri ɗaya ya nuna mini: tsohon bulo ne na asali, ya riga ya ruɓe, aka shafe shi da siminti kaɗan aka bi da fenti, babu komai da aka sa don tare danshi. Ya hau sama ya tarar kwanon rufin ma tsohon ne aka shafa masa jan fenti, an toshe hujojin ƙusa da kwalta. Wata ranar Asabar da dare silin ɗakin yara ya cika da ruwa ya rufto a kan katifa. Allah ya kiyaye yaran suna falo. Ni na tsince ɓaraguzan da hannuna, na ga katakon da ya riƙe silin ɗin gara ta gama da shi, yana marmashewa tsakanin yatsu.

Duk wanda yake gini a wannan gefen ya san babbar kwatar Nima, ya san inda ruwanta yake bi har ya faɗa kogin Odaw. Babu ɗan Accra da ya manta daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka ci rayuka sama da 150. Da wannan sanin kuka malale tsakar gidan gaba ɗaya da tayil, kuka toshe tsohuwar magudanar da take fitar da ruwa waje, don hoton talla ya yi kyau. Yanzu in an yi ruwan awa guda tsakar gida sai ta zama tafki, masai ya cika ya dawo ta banɗakunan ƙasa. Da na matsa, kun turo wani yaro da buhun siminti ɗaya ya ɗaga dokin ƙofa, ruwan da yake shiga ya rasa hanyar fita. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ruwan saman nan dai shi ya wanke katangar waje, sai ga jan rubutu yana leƙowa ta ƙarƙashin farin fentinku, irin wanda ma'aikatan ƙaramar hukuma suke yi wa ginin da ba shi da izini: a dakatar da aiki, a kawo takarda. Na je ofishin ƙaramar hukumarmu, Ayawaso ta Gabas, na tambaya, aka duba, babu izinin ɗora hawa na biyu a kan gidan nan. Wato kun ga gargaɗin, kuka sa aka shafe shi, kuka ci gaba da ɗora bulo a kan tushen da aka haƙa don gida marar bene. Iyali biyu suke kwana a saman nan, biyu a ƙarƙashinsa. Wane injiniya ne ya auna tushen ya ce zai ɗauka? Na nemi rahotonsa, har yau shiru.

Batun wuta da ruwa ba zan tsawaita ba. Kun ce kowane sashe da mitarsa, muka tarar da mita ɗaya tal, da tsohon bashi a kanta, kullum 'yan haya suna rigima a kan wanda ya fi jan wuta. Tankin roba da injin tura ruwa da muka gani ranar duba gida, ranar karɓar makulli babu su.

Duk wannan siminti da kwano ne, kuɗi yana gyara su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da kuka bar mini a ciki. Kun rantse cewa 'yan haya biyun da suka rage wa'adinsu yana ƙarewa da ƙarshen wata. Na shiga na gaishe da tsohuwar da take sashen ƙasa, wadda take sayar da koko da ƙosai a bakin ƙofa, na yi mata maganar cikin ladabi. Ba ta ce komai ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla, ta fito da wata leda da aka nannaɗe, ta warware ta miƙo mini rasit. Hatimin kamfaninku ne a kai, da sa hannun wakilinku. Kuɗin hayar shekara biyu kuka karɓa a hannunta 'yan watanni kafin ku sayar mana, kuɗin da ta haɗa da adashi da abin da ɗanta ya aiko. Ta ce mini, “Ɗana, in fita za ka ce in yi, ka bari a yi hutun makaranta, saboda jikokina.” Na ce, “Mma, babu inda za ki.” Matar nan ta san mahaifiyata, tare suke zuwa wa'azi. Telan da yake ɗaya sashen shi ma ya kawo nasa rasit ɗin, iri ɗaya.

Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata shida. Na san a Accra an mayar da shekara biyu al'ada, amma al'adar ba ta halatta muku ku karɓi hayar gidan da kuka riga kuka sa a kasuwa, ku ɓoye wa mai saye, ku riƙe kuɗin ba. Da na kawo rasit ɗin ofishinku, wani ma'aikacinku ya ba ni shawarar da ta fi laifin muni. Wai in yanke musu wuta, in cire ƙofar banɗaki, da kansu za su tashi, sai in zuba ma'aikatan ofis masu biya da dala. Alhaji, kai ma ɗan Zango ne. Kotu kaɗai take da ikon fitar da ɗan haya, kuma ko da doka ta ba ni dama ba zan yi wa tsohuwa da jikokinta haka ba. Kun ci kuɗinsu, kun ci namu, sannan kuna so ni in ɗauki zunubin da baƙin jinin a unguwar da za a yi mini sallar gawa.

Sai takardu. Kun ba mu yarjejeniyar saye da taswirar fili, kuka ce rajistar Hukumar Filaye tana hanya. Da lauyanmu ya je ya yi bincike, sai aka ga sunan marigayi mai gidan na asali ne har yanzu a kai, ba naku ba. Gidan gado ne, kuma biyu daga cikin magada sun zo har ƙofa sun ce ba a nemi yardarsu ba, ba su sa hannu a komai ba. Ban sani ba ko ku ma an ruɗe ku, amma ku ne kuka rubuta cewa babu rigima, kuma a kan wannan rubutun muka biya.

Ga abin da muke nema. Ku maido mana kuɗin hayar da kuka karɓa a hannun mutanen nan biyu, su kuma su zauna har wa'adinsu ya cika. Ku kawo injiniya mai lasisi wanda mu da ku muka yarda da shi ya duba tushe da bene, ku biya kuɗinsa, ku gyara abin da ya ce a gyara, ku nemo izinin ginin. Ku canza rufi, ku buɗe magudana, ku biya bashin wuta, ku raba mita, ku dawo da tanki da inji. Ku zauna da magada a gaban Sarkin Zango ko a gaban lauyoyi ku sallame su, a mayar da rajista sunanmu. In kun ga ba za ku iya ba, ku karɓi gidanku ku ba mu kuɗinmu da dalar da kuka ƙirga mana, bisa sharaɗin ba za a taɓa 'yan hayar ba.

Na ba ku kwana 30 daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. In wa'adin ya cika ban ji daga gare ku a rubuce ba, zan kai rasit ɗin biyu ofishin kula da haya, in kai ƙorafi ga hukumar da dokar dillalan gidaje ta 2020 ta kafa, lauyanmu kuma ya shigar da ƙara kotu. Hotuna, rasit, rahoton magini da sakamakon binciken filaye duk suna hannunsa. Na kuma ji kuna gyara wani gidan a Maamobi da wani a New Town. Duk ɗan'uwan da ya zo ya tambaye ni a kanku, zan kai shi ya ga katangata da silin ɗakin 'ya'yana da idonsa.

Wassalam.

Mai gidan da kuka sayar,
Nima, Accra