Sanarwa ga ƴan rukuninmu masu jinyar iyaye

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah a daure a karanta.

Yawancinmu nan akwai dattijon da muke jinya a gida, wani suga, wani hawan jini, wata shanyewar ɓarin jiki, kuma kullum abin da muke bi shi ne awon jini da magani, amma wa ya zauna ya tambayi Baba ko yana samun barci, ko yana iya takawa masallaci, ko yana da abokin hira bayan la'asar? Wannan ma lafiya ce kuma ana auna ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takarda mai suna WHOQOL-BREF, tambaya 26, ta shafi jiki, kwanciyar hankali, zumunci da muhalli.

Sai wata takardar da ake kira Zarit mai tambaya 22, ita ta mai jinya ce, tana auna nauyin da jinyar ta ɗora masa. Ita ta fi damuna gaskiya, dan ƴan uwanmu mata su ke wanki da juya mara lafiya cikin dare, wata ta bar sana'arta, in ka tambaye ta sai tace alhamdulillah kawai, alhali ta gaji tilis.

Zan turo tambayoyin da Hausa yau da daddare. Kowa ya tambayi dattijonsa a natse, sannan ya cike nasa tsakani da Allah. Kar a saka amsa a rukuni, a riƙe a nuna wa likita ranar komawa asibiti. Na Samaru, Sabon Gari ko cikin birni da wayarsa bata buɗewa yai min magana in kawo takarda.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, amin.