Wasiƙa daga Guangzhou: tsohuwa ta juya mini gado

Daren Lahadi, 15 ga Fabrairu, 2026

Ango,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da amarya. Na san za ka ce wace irin amarya ce da ta yaye biyu, to mu dai a wajenmu sunan ya zauna. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata maganin gwiwar nan yana cikin jakata, mai tahowa nake jira.

Saƙonninka huɗu duk na saurara, har da na ƙarshe da ka kwashe minti shida kana ce mini na zama Basine na manta da mutane. Na ci laifi. Maganar fitilun sola da ranar da za a loda su, zan zo kanta. Amma bari in fara amayar da abin da ya same ni yau, don abokina Dogo kaɗai na samu na faɗa wa, shi kuma ka san hali, dariya kawai yake yi har yana riƙe ciki.

Jibi Talata ce sabuwar shekarar Sinawa, shekarar Doki. Garin ya watse. Masana'antu sun rufe, ma'aikata duk sun tafi garuruwansu, unguwar Xiaobei da ka sani ba masakar tsinke yanzu sai ka shimfiɗa tabarma a bakin titi ka yi barci. Yau kuma 28 ga watansu na ƙarshe, ranar da mutanen nan yankin suka ware don wanke dauɗar shekara. Ƙarfe bakwai na safe, ban daɗe da komawa barci bayan asuba ba, sai na ji ana dukan ƙofa kamar 'yan bin bashi. Ina buɗewa sai ga Ayi, mai gidan. Ayi ɗin kamar ka ce Gwaggo ne a yarensu, kuma wallahi har gajartar da faɗan duk iri ɗaya. Ta riƙo tsintsiya mai doguwar sanda, jikanta na biye da ita rungume da tukunyar shuka, fuskarsa tana cewa ba da son raina ba.

Ko gaisawa ba mu gama ba ta tsaya a bakin ƙofa ta saki salatin irin nasu. Wai daga inda take tsaye tana hango ƙofar baranda tsaf, babu abin da ya gitta. Yaron ne tafinta, yana da ɗan Turanci. Ya ce a ilimin feng shui, wato "iska da ruwa", akwai wani ƙarfi da ke yawo a cikin gida kamar numfashi, suna kiransa "ci". Kada ka yi dariya, ba na tuwo ba ne. So ake ya shigo ya zaga ɗaki a hankali ya zauna, to ni a gidana yana shigowa ta gaba yana ficewa ta baya a guje, arziki na biye da shi. Na ce wa yaron ya gaya mata yanzu na gane inda ribar bara ta bi. Bai fassara ba.

Nan take ta sa muka jawo kantar takalma muka gindaya tsakanin ƙofofin biyu, ta ɗora tukunyar a kai. Ina cikin haushi sai na ja baya na duba, sai jikina ya yi sanyi. Ango, zaure ta yi mini. Ka tuna gidanmu na cikin gari, yadda ƙofar zaure da ta shigifa ba sa kallon juna, sai ka karkata kafin ka ga tsakar gida? Su ma tsofaffin gidajensu haka suke, akwai ɗan bango a bayan ƙofar shiga da ke tare ido. Mu muka ce sutura ce, kada baƙo ya hango mata. Su suka ce don tsare "ci" ne, wasu kuma suka ce miyagun iskoki ba sa iya kwana, miƙe kawai suke tafiya. Dalili daban, gini ɗaya. Kuma gaskiya tun da aka gindaya kantar na daina jin kamar a tasha nake kwana.

Rigimar gaske a uwarɗaki aka yi ta. Gadona ƙafa yana kallon ƙofa, ta ce haka ake fitar da gawa, ba ta yarda a shiga sabuwar shekara da shi haka ba. Madubin da ke fuskantar gadon ma ta ce a cire. Wannan ban yi gardama ba, don sau biyu ina farkawa cikin dare in ga ƙato zaune yana kallona, sai na yi a'uziyya sannan in gane ni ne. Amma da aka juya gadon sai ya hau daidai kusurwar da nake shimfiɗa darduma. Na ce a'a, nan kam ba zai yiwu ba.

Sai ta buɗe jaka ta fito da wani jan faifai mai kusurwa huɗu, tsakiyarsa allura, kewaye da ita zobba a jere cike da ƙananan rubutu. Luopan suke kiransa, da shi masanansu ke auna gida, sun raba sasanni har 24. Ni ma na zaro waya na buɗe manhajar alƙibla. Ka ga mutum biyu a tsakiyar ɗaki, kowa ya sunkuyar da kai kan allurarsa, tana nuna kudu ina nuna yamma. Su komai nasu kudu ne, hatta na'urar sunanta a yarensu "allura mai nuna kudu". Ni kuwa, na taɓa gaya maka? A nan in za ka fuskanci gabas, yamma za ka kalla, ka ɗan karkata arewa kaɗan. Shekara uku ke nan har yanzu bakina bai daina cewa "bari in kalli gabas" ba.

Abin da ya ba ni mamaki, da yaron ya ce mata wurin salla ne, sai ta yi shiru. Ta ce ta san Musulmi, tana yarinya kusa da masallacin Huaisheng suke, mai tsohuwar hasumiyar nan da na turo maka hotonta. Ta sa aka tura gadon jikin ɗaya bangon, ta ɗauke kwalayen samfur da na jibge a kusurwar, ta durƙusa da kanta ta goge wurin har sau biyu. Wai wurin ibada ba a haɗa shi da tarkace. Na rasa bakin magana. Wata nawa uwargida tana mini wannan faɗan ta waya duk lokacin da ta hango kwalayen a bayana, sai da tsohuwar Sinawa ta zo sannan aka yi. Kada ka gaya mata.

Af, kafin in manta, da gaske ne Kawu zai ƙara ta uku? A bakin yaron shagonka na ji, kai kuma minti shida kana magana ko alama ba ka yi mini ba. Wace ce? In 'yar layinmu ce wadda nake zato, to lallai a shirya wa gidan nan fiye da madubi.

Madubin ne ma ya kawo ni inda muka saɓa. Ta fito da wani ƙarami mai kusurwa takwas, wai a rataya a saman ƙofa ta waje ya mayar da sharrin da ke tahowa daga kwanar benen da ke fuskantarmu. Ta haɗo da hotunan wasu mayaƙa biyu masu zare ido, masu gadin ƙofa. Na ce Ayi, kantar takalma na yarda, gado na yarda, wannan kam laya ce, ni kuma mai tsarona ɗaya ne. Ta ɓata rai, ta yi ta mita, amma ta mayar da su jaka. Yaron ya raɗa mini cewa faifan na mahaifinta ne, a zamanin juyin al'adu na Mao, tsakanin 1966 da 1976, lokacin da ake farautar irin waɗannan abubuwa a matsayin camfi, a cikin tulun shinkafa ya ɓoye shi. Sai na ji ba daɗi da yadda na ɗaga murya.

Kuma kada ka ɗauka aikin tsofaffi ne kawai. Ran da muka je Hong Kong da Dogo an nuna mana dogon benen Bank of China, wanda aka gama a 1990, gefensa kamar kaifin wuƙa. Mutanen garin suka ce yana yankar sa'ar maƙwabta. A saman benen bankin HSBC da ke kusa akwai wasu ƙarafa biyu masu kama da igwa da suka saita shi, kowa a garin zai ce maka martani ne. Masu juya biliyoyi ke nan. To ina ga Ayi da tukunyarta.

Ni abin da na lura, abin nasu kashi biyu ne da suka cakuɗe. Akwai na hankali: gida ya kalli kudu don ya sha rana lokacin sanyi ya kuma juya wa iskar arewa baya, tudu a baya, ruwa a gaba. Tsohon garin nan kansa haka yake zaune, dutsen Baiyun ta arewa, kogi ta kudu. Wannan ko maginin ƙasa a gida ya san irinsa, tunda ya san bangon gabas ne ruwan damina ke duka. Sai kuma ɗaya kashin, wanda wasan kalmomi ne zalla. Huɗu tana kama da "mutuwa" a furuci, shi ya sa na samu hawa na huɗu da sauƙin haya, alhamdu lillahi. Takwas tana kama da "bunƙasa", ka tuna wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008 aka buɗe su. Kifi yana kama da "rara", don haka ba a raba teburin daren shekara da shi. Shukar da ta kawo kuwa ɗan itacen lemo ne mai 'ya'ya birjik, ba su fi kanya girma ba, sunansa a yaren mutanen nan yana kama da "sa'a".

Wannan lemon ne Dogo ya ci. Na fita raka su zuwa lif, kafin in dawo ya tsinke guda shida, yana yatsina fuska yana cewa tsami kamar tsamiyar biri amma yana ƙarawa. Na ado ne, ba a ci, ana ma cewa feshi ake musu. Yanzu gefe ɗaya na itacen ya yi sanƙo, na juya shi ya kalli bango. In Ayi ta gani ban san da wane yare zan yi bayanin cewa baƙona ya cinye sa'ar shekara ba. Da yamma na ja shi kasuwar furanni ta titin Xihu ko za mu samu madadi. Kwana uku kawai take ci kafin shekara ta kama, kuma duk mutanen da na ce sun watse ashe can suka taru, kowa da reshen fure a kafaɗa, ko'ina ja kamar an yi ɓarin jan galura. Da na ji kuɗin tukunya ɗaya na ce a bar wancan ya ci gaba da kallon bango.

To ga abin da ya hana ni barci. Kafin ta tafi ta manna wata jar takarda a ƙofata ta waje, da kalma ɗaya a jiki, "fu", ma'anarta alheri ko albarka. A kife ta manna ta, da gangan, don "kifewa" da "isowa" furucinsu ɗaya ne, wato alheri ya iso. Babu hoton kowa, ba a roƙon kowa, duk ƙofofin benen akwai ta. Na riga na ƙi mata abu biyu, na ga idonta, sai na kasa ƙin na uku. Yanzu duk shiga da fita sai na kalle ta. Wata zuciyar ta ce ai kamar "barka da zuwa" ce a rubuce, kuma ƙofar tata ce ba tawa ba. Wata ta ce ai ita ba ado ta ɗauke ta ba, jawo arziki take nufi, kai kuma ka yi shiru. Don Allah in ka je karatu gobe ka tambayar mini Malam, amma kada ka ce ni ne, ka ce wani ɗan'uwa a ƙasar waje. Na san zai gane, amma dai. Ka kuma faɗa masa duka, har da goge wurin sallar, kada ka yanke labarin yadda ka saba.

Ta bar mini dokoki na ranar Talata: ba shara, ba zubar da bola, ba taɓa almakashi, kada a share arziki a fitar. Na tuna Gwaggo da hana mu shara da dare, har na yi dariya ni kaɗai. Wannan dokar kam ba za ta ba ni wahala ba. Mai wahalar ita ce jajayen ambulan. Duk mai aure sai ya ba yara da marasa aure ɗan kuɗi a ciki, sababbi fil, tamkar goron salla. Na canzo 'yan yuan goma-goma na cika ashirin, na masu gadi da jikokin maƙwabta. Dogo ya ce tunda har yanzu tuzuru ne shi ma yana layi.

Akwai kuma al'adarsu guda da na karɓa hannu bibbiyu, har ina ganin ya kamata a kai ta Kwari: ba a tsallaka shekara da bashi a wuya. Mutumin da nake sayen batir a wajensa sau uku yana kirana a makon nan, sai da na biya shi tas. Ban ce komai ba fa, Ango. Labari kawai nake ba ka. Jibi ne dai shekarar take kamawa, kuma lambar asusuna ba ta canza ba.

Azumi ma ga shi a bakin ƙofa, kwana ɗaya ko biyu bayan bikinsu, ga shagunan halal da yawa a rufe. In ka samu mai tahowa ka haɗo ni da garin kunu, da yaji, da kuka, kilishin kuma na wurin mutumin nan, ba irin na bara da ka saya a tasha ba. Ka ce wa amarya ta sa hannu a yajin da kanta.

Dogo ya tashi ya nufi wajen tukunyar nan, bari in je.

Naka har kullum,
mutumin hawa na huɗu