Gaisuwar Sallah daga Bahiya

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an sha ruwa lafiya, an yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Lokacin da kuke saukowa daga idi, mu nan Salbado, babban birnin jihar Bahiya a ƙasar Burazil, ba mu daɗe da sallame asuba ba, don kun riga mu da awa 4. Masallacinmu ɗan ƙarami ne, amma yau ya cika maƙil da 'yan Sanagal, Yarabawa, Larabawa da 'yan Burazil da suka musulunta. Babu hawa, babu algaita, sai musabaha da rungumar juna.

Inna, kullum tambayarki ita ce me nake ci. Ki kwantar da hankalinki, ƙosai nake ci. A bakin titi za ki ga mata cikin fararen kaya da ɗaurin kallabi, sun jiƙa wake sun surfe, sun markaɗa da albasa, suna bugawa da babban ludayi, suna saki cikin manja. In ya soyu sai su tsaga shi, su cusa yaji da jatanlande. Daga ƙasar Yarabawa da Dahome kakanninsu suka zo da sana'ar, har gwamnati ta sa ta cikin kayan gadon ƙasa. Naki ya fi laushi, nasu manjan ya yi yawa, amma ban faɗa musu ba. Akwai kuma miyar kuɓewa da suke dafawa duk watan Satumba, ba babban da zai taɓa sai yara bakwai sun ci sun ƙoshi. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma wannan fara ciyar da yaro na san inda ya fito.

Baba, ga wanda zai fi jan hankalinka. An kawo bayi fiye da miliyan 4 daga Afirka zuwa ƙasar nan, ba a kuma haramta bauta ba sai 1888. Cikinsu akwai Hausawa, waɗanda yaƙe-yaƙen zamanin jihadi suka jefa hannun fatake. Tun 1807 suka fara ƙulla tawaye. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmin garin nan, akasarinsu Yarabawa da Hausawa kaɗan, suka fito da fararen riguna da layu a wuya. An murƙushe su kafin gari ya waye, amma takardun da aka ƙwace a jikinsu suna nan a ma'ajiyar tarihi: ayoyi da addu'o'i da rubutun allo irin namu. Bawa yana karatu da rubutu, ubangidansa sau da yawa ko sunansa bai iya sa wa takarda ba.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, mutanen nan ko tsinke ba su riƙo ba da aka zuba su a jirgi. Abin da ke kansu da tarbiyyarsu kaɗai suka ƙetaro da shi, ga shi yau shi ne girkin ƙasar, shi ne kiɗanta, shi baƙi ke biyan kuɗin jirgi su zo kallo. Hatta gahawar da Burazil ta fi kowa nomawa, asalinta Habasha ne. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yaranmu suna cewa ba mu ba duniya komai ba. Baba, don Allah a karanta wa Auta wannan wurin sau biyu.

Na turo ɗan abin barka da Sallah ta hannun Yaya. A cire na Gwaggo da na Kawu tukuna, sauran a raba wa yara. A gaishe da Liman da mutanen zaure. Inna, in an sami mai zuwa, daddawa da kuka nake so, a ƙulle su da kyau saboda masu bincike a filin jirgi.

Ku ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanku.