Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi Kan Koya wa Yaranmu Kiɗa, Waƙa da Zane

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa fada kwarjini. Mu talakawanka ne daga Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Yalwa da Alabar. A cikinmu akwai iyayen yara, malaman boko da na Islamiyya, maɗinka, da wasu dattawa da suka tsufa da kalangu a hammata. Mun daɗe muna juya wannan zance a ƙofar masallaci da teburin mai shayi, har muka ga cewa maganar da ba ta iso fada ba hira ce kawai. Shi ya sa muka rubuto.

Abin da ya tashe mu tsaye mun gan shi ne a hawan Sallar da ta wuce. Dawakai sun yi kyau, jama'a ta cika titi, amma duk wanda ya dubi masu busa algaita da kakaki da masu tambari ya ga furfura zalla. Babu yaro ko ɗaya a bayansu. A da, ɗan makaɗi yakan fara da kurkutu tun bai kai kafaɗar ubansa ba, yana bin sa gidan biki da gidan suna, har kunnensa ya san taken kowane sarki da kirarin kowace sana'a kafin a ba shi babbar ganga. Wannan sarƙa ta tsinke. Ɗaya daga cikin dattawan da suka sa hannu a wannan takarda ya ce mana jikokinsa sun fi goma, amma ba wanda ya iya ɗaure tsarkiyar kalangu, kuma ya san ran da ya kwanta dama za a jingina gangarsa a bayan ƙyaure har gara ta cinye. Ranka ya daɗe, idan aka ci gaba a haka, wata rana sai an yi hayar mabusa daga wani gari kafin Sarkin Zangon Kumasi ya hau doki.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Masu masaukinmu, mutanen Asante, suna nan kusa. Duk kwana 42 ana bikin gargajiya na Akwasidae a fadar Manhyia, kuma wanda ya taɓa raka Sarki gaisuwa wurin Otumfuo, Sarkin Asante, ya ga samari tsaye gefen dattawa a kan gangunan fontomfrom da atumpan, ana gyara musu hannu a bainar jama'a. Tun shekarun 1950 suka kafa Cibiyar Al'adu a garin nan. Farfesa Kwabena Nketia, ɗan Mampong, ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta kiɗan mutanensa har ya rasu a 2019, kuma a 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa saƙar zanen kente cikin gadon duniya. Ba hassada muke ba. Gangar hammatan da suke kira donno 'yar uwar kalangunmu ce, su sun riƙe tasu, mu muna sakaci da tamu.

Kuma ba mu zo ƙasar nan hannu rabbana ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro ta Salaga sun zo da alƙalami da allura tare da ganga. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Kete Krachi har ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da ajamin Hausa a kan zuwan Turawa da halin talaka, kuma rubuce-rubucensa suna ajiye a jami'ar Legon, baƙi daga Turai na zuwa karantawa. Yaran Aboabo nawa ne suka taɓa jin sunansa? Haka zayyanar allo ranar saukar karatu, haka aska takwas a ƙirjin babbar riga, haka ɗinkin hula. Duk wannan zane ne, ilimi ne, kuma rabonmu ne a cikin al'adun Ghana. In mun bar shi ya mutu, ƙasar ma ta yi asara, ba Zango kaɗai ba.

Sai maganar makaranta, wadda ita ce ta fi ci wa malaman cikinmu tuwo a ƙwarya. Sabon tsarin karatu da aka shigo da shi a 2019 ya sa fasahar ƙirƙira, wato kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da zane, cikin darussan firamare, kuma tun 2024 ana tambayar yara a kanta a BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. A takarda abin ya yi kyau. A ajin da muke koyarwa kuwa, sau da yawa malamin lissafi ko na Turanci ake ɗora wa darasin don cike gurbi. Ya zana ganga da alli a allo, yara su kwafa, a tashi. Yaro ya haddace sunan kayan kiɗa bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, alhali mai gangar yana zaune lungu biyu daga makarantar ba shi da abin yi.

Mun san abin da za a ce, domin a gidajenmu ma ana faɗa mana. Wasu iyaye na cewa ɗansu ba zai zama maroƙi ba. Wasu malamai, Allah ya ƙara musu lafiya, suna tsoron kiɗa ya ja yara ga shashanci. Ba mu raina wannan tsoro ba, kuma ba mu zo yin fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da idonmu ya gani kawai muke faɗa. Yaran nan ba su daina waƙa ba don mun ƙi koya musu. Asakaa, waƙar gambarar zamani ta samari, a garin nan aka haife ta, ta zagaya duniya, kuma tana cikin wayar kowane ɗan Pragya, wato mai tuƙa keke mai ƙafa uku. Yaranmu suna haɗa kuɗi su shiga ɗakin ɗaukar murya su kaɗai, ba babba a kusa, ba mai ce musu wannan baitin ya yi nauyi. Wanda bai sami ko wannan ba yana bakin kwata da tiramol. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mun fi son a tanƙwara shi a inuwar fada.

Masu cewa zane ba ya ciyar da gida su dubi mai zane Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, wanda ya yi karatu a jami'ar KNUST nan bayan Ayigya. Da tsofaffin buhunan koko da gawayi, irin waɗanda ake yarwa a kasuwa, ya kai aikinsa baje kolin Venice a 2015, ya dawo ya gina cibiyar fasaha a garinsu.

Roƙonmu na farko shi ne babba, sauran suna bin sa. Muna roƙon Sarki ya tara limamai da shugabannin makarantu da sarakunan ƙabilun Zango, a zauna a shata iyaka: abin da za a koyar, lokacin da za a koyar, da yadda za a raba maza da mata. In malamai suka sa albarka, iyaye za su saki yaransu. In ba haka ba, ko an sayo kaya ƙura za su sha.

Bayan haka muna neman a ba mu rumfa ko zaure kusa da fada ranar Asabar, tsakanin La'asar da Magariba, don kada a taɓa lokacin makarantar allo. Dattawan makaɗa su koyar da take da kirari da busa, masu ƙasida su koyar da rera Ishiriniya da karin waƙar ajami, maɗinka da masu zayyana su zauna da nasu ɗaliban. Muna so a ɗauki muryar dattawan nan a adana tun suna da ƙarfin busawa. Wannan kam ba ya jira.

Na ƙarshe, muryar Sarki tana isa inda tamu ba ta isa. Muna roƙon a rubuta wa Majalisar Asokore Mampong da ofishin ilimi da sashen makarantun Islamiyya su yarda makaɗanmu su riƙa shiga aji tare da malamai, a kuma nemi Asusun Raya Zango, wanda dokar 2017 ta kafa, ya taimaka da kayan aiki da ɗan alawus na masu koyarwa.

Mu ma ba mu naɗe hannu ba. Maɗinkan cikinmu sun yi alkawarin zare da ƙyalle, malamai biyu za su riƙe rajista kyauta, kuma an riga an ba mu kalangu da goge na aro. Duk ranar da Sarki ya ga dama ya kira mu, za mu zo da dattawan da kayansu, ya ji da kunnensa.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da Zango da Asante lafiya.

Wassalam.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
iyaye, malamai, maɗinka da makaɗan unguwannin Zangon Kumasi.