Autata ta ɗauka almajirinmu ɗan attajiri ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka don in yi magana da masu rubuta mana wasannin kwaikwayo masu dogon zango, waɗanda muke kallo a talabijin da YouTube. Ba zagi ya kawo ni ba. Ni ma ina cikin masu kallo, in aka kawo wuta da daddare a nan Mabera, da ni ake rububin rimot.

Akwai wani almajiri da ke zuwa gidanmu kullum bayan Magariba, yaro ne da bai wuce shekara 13 ba, daga wajen Gwadabawa aka kawo shi karatu. Ran nan na ce wa autata, 'yar shekara 11, ta zuba masa tuwo. Da na leƙa sai na ga ta ɗauko kwanon baƙi, ta tsamo tsoka biyu daga miyar Malam ta ɗora masa, ta miƙa har da russunawa. Raina ya yi fari, na ce to, karatun Islamiyya ya fara kama jiki. Bayan ya tafi na sa mata albarka. Sai ta matso, ta rage murya, ta ce: "Inna, wa ya sani ko ɗan mai kuɗi na, ya ɓad da kama don shi gwada mu?"

Na yi dariya a lokacin, amma daren nan na daɗe ban yi barci ba. Na san inda ta samo wannan magana, tare muka kalla. Labarin da ake ta maimaitawa ne: saurayi mai dukiya ya sa tsumma, ya shiga unguwar talakawa yana neman mai sonsa tsakani da Allah. 'Yan mata su wulaƙanta shi, ɗaya ta tausaya masa, a ƙarshe sai ga jerin motoci a ƙofar gidansu, waɗanda suka raina shi suna cizon yatsa. Na tabbata marubucin so yake ya ce kada a raina talaka. Amma abin da ɗiyata ta ɗauka shi ne, a kyautata wa talaka don mai yiwuwa ba talakan ba ne. To shi wanda talakan ne na gaske, wanda babu wata mota da ke jiransa a bayan gari, ina makomarsa a wannan lissafi?

Ni malamar Islamiyya ce, shekarata 16 ina koyar da 'yan mata. Hadisin farko da muke biya musu a Arba'una shi ne na niyya, cewa ayyuka suna tare da niyyoyinsu. A Suratul Insan kuma Allah Ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, suna cewa don Allah kawai muke ciyar da ku, ba mu neman sakayya ko godiya daga gare ku. Wannan nake biyawa da yamma, da dare kuma akwatin ɗakina ya biya nasa, shi da kiɗa da kwalliya da kyawawan fuskoki. Ba sai na faɗi wanda yara suka fi haddacewa ba.

Na biyu ya fi wannan damuna, wato zancen boka. Kusan duk shirin da ya taɓo kishi, sai an nuna uwargida ko uwar miji ta shiga daji wurin wani mai jan ƙyalle. Ba su taɓa cewa abin kirki ne ba, wannan na yarda. Sai dai duba yadda ake tafiyar da shi. An ba ta ƙulli ta barbaɗa a miya, miji ya ci, nan take ya juya wa amarya baya. An binne laya, kasuwar wane ta karye. Komai boka ya faɗa sai ya tabbata, ko kuskure babu. Haka za a yi ta yi mako bayan mako, wata shida ko fiye, sannan a kashi na ƙarshe a ba mu minti goma na haukacewa ko kukan nadama. Yaron da ya ga wata shida na cin nasara, minti goma ba za su wanke masa kai ba, in ma bai yi barci kafin a kai wurin ba. Wata ɗalibata, budurwa da aka kusa kai wa lefe, ta tambaye ni a aji ba da wasa ba: "Malama, haramun ne na sani, amma ashe dai aikinsu na ci?"

Sai kuma matar kirki, wadda alamarta a shiri ita ce a mare ta ta yi shiru, a zagi iyayenta ta ce Allah Ya ba ka haƙuri. Ba a nuna ta kai ƙara wurin waliyyinta ko gaban alƙali, alhali addini ya ba ta wannan hanya. Mai buɗe baki ta nemi haƙƙinta kuwa, ita ce fitsararriya mai jan baki.

Na san akwai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tun 2001, kuma yawancin shirye-shiryen nan daga can suke fitowa. Mai tacewa zai iya ganin rigar da ta matse ko rawar da ta wuce kima ya yanke. Amma duk abin da na lissafa a sama, da hijabi har ƙasa ake yin sa, ana sallama ana salati, babu wurin da za a sa almakashi. Aikin mai alƙalami ne tun daga farko.

Wani zai ce ai Gizo ma maƙaryaci ne, kuma sau da yawa yakan sha da wayonsa. Gaskiya ne. Amma kakata da ke yi mana tatsuniya a tsakar gida a Kanwuri tana ganin fuskokinmu a hasken fitila. In ta ga ido ya fara ƙyalli da sha'awar ƙaryar Gizo, take za ta ja masa kunya ta sa Ƙoƙi ta yi masa tas, kafin ta ce ƙurunƙus. Talabijin ba ya ganin fuskar kowa.

Roƙona ga marubuta, ko sau ɗaya a yi mana shirin da yarinya ta taimaki talaka, ya kasance talakan ne har ƙarshe, kuma ba ta yi asara ba. A nuna mana boka ya karɓi kuɗi da baƙin bunsuru, aikin ya tashi a banza, kamar yadda muke ji a unguwa kullum.

Almajirinmu dai yana nan yana zuwa. Makon jiya autata ta bi shi a ɓoye har makarantarsu, ta dawo ta ce mini a zaure yake kwana kan buhu. Jiya da ya yi sallama na yi shiru in ga kwanon da za ta ɗauko, sai ta tsaya tana kallona, tana jiran in faɗa mata.

Wassalam.

Daga wata uwa, malamar Islamiyya,
Mabera, Sakkwato.